Shekarar da Muka Ba Kifi Kanwa

Ni ba masunci ba ne, kuma babu masunci a zuriyarmu, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Manoma ne mu, dawa da auduga muka sani. Kafin shekarar da zan ba da labarinta, in na ga kifi to busasshe ne a kan tabarma ranar kasuwa, ƙudaje na kai masa gaisuwa. Amma Allah ya sa na yi rani guda cur ina yawo da kifi mai rai a kaina, ina lallaɓa shi, ina roƙon Allah kada ya mutu. Yanzu na tsufa, ina zaune a Maska ina saƙa. Jikokina in suka ji labarin sai su yi ta dariya. Nakan taya su, amma tawa dariyar ba ta kai ciki.

Garinmu na asali yana can wajen Malumfashi, cikin ganuwa. Mun yi yawa a ciki. Gonakin kusa sun gaji, ƙuduji ya cinye su, na nesa kuwa ba a zuwa sai da kwari da baka saboda mahara. Baba mutum ne marar yawan magana, amma in ya sa abu a ransa sai ya ga ƙarshensa. Wata kaka, bayan an kai amfani gida, ya yi tafiya yamma, ya wuce Bakori, ya dawo da dunƙulen baƙar ƙasa ƙulle a bakin rawaninsa. Ya kwance ta a zaure, maza suka riƙa murzawa suna shinshinawa. Ya ce fili ne tsakanin Maska da Dandume, ba a taɓa sa masa fartanya ba, kuma masu ƙasa sun ba shi izini.

Gidaje kaɗan ne suka bi shi. Akwai ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, da iyalinsa. Akwai maƙwabtanmu. Akwai kuma amininsa, wani Bafulatani da ya daɗe da zama gari har Fulatancin ya fara kuɓuce masa, muna ce masa Baffa, ya taho da 'yan shanunsa. Inna ta riga ta rasu. Ni a lokacin ina da mata da ɗa guda a goye.

Mun isa rani na farawa. Muka kafa bukkoki na ciyawa, muka shiga haƙar ƙasar gini a wani kwari. Ramin bai kai tsayin mutum biyu ba sai ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙasa. Muka yi ta faɗaɗa shi har ya zama kududdufi babba, ruwansa garau, kana ganin yashin da ke ƙasa. Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya har haƙoransa na ciki sun bayyana ba sai ranar. Ga ƙasa, ga ruwa, saura kifi.

Dole in bayyana wannan, don wanda ba namu ba ba zai gane abin da ya haɗa kafa gari da kifi ba. An ce kakannin kakanninmu sun taɓa zama a kan wani ruwa mai kyan gani, bayan 'yan shekaru rabin garin suka yi maƙoƙo, 'ya'yan da aka haifa suka riƙa fitowa dolaye. Tun daga nan aka kafa doka a zuriyarmu: ba a aza tubali a kan sabon ruwa sai an gwada shi da kifi. A saka kifin a farkon wata, ya rayu har wani watan ya tsaya. In ya rayu, a yi gini. In ya mutu, a ɗaure kaya. Tarwaɗa da gaiwa ba sa cikin lissafi, don su ko a taɓo suna rayuwa. Sai kifi mai ɓawo a jiki. Babu wanda ya taɓa ganin an yi gwajin a zamaninmu, amma kowa ya san dokar, kuma Baba ya fi kowa riƙe ta.

Baba Ƙarami ya lissafa a gaban jama'a. Wata uku ya rage kafin ruwan shuka. In kifi bai zauna ba kafin nan, kowa ya nemi inda zai shuka, don ba a zama a bukka da yara cikin daji a kan ruwan da ba a yarda da shi ba. Baba ya ce haka ne.

Mata kuwa sun riga sun gama nasu gwajin. Matata ta ce mini ruwan zartsi ne. Sabulun salo ba ya kumfa a ciki, sai dai ya tsinke ya yi gudaji. Wanki ba ya fita. In ka tafasa shi sai ya bar wani farin abu a bakin tukunya. Wake kuwa sai ya wuni a wuta yana nan kamar tsakuwa, sai an jefa masa kanwa yake saduda. Amma muna sha, babu mai ciwon ciki, ɗana sai ƙiba yake yi. Shanun Baffa kuma in suka kafa kai ba sa ɗagowa, har gashinsu ya fara sheƙi.

Ni aka zaɓa in je ɗauko kifin, ba don na iya ba, sai don ni ne ɗan mai tunga kuma ina da wuya mai ƙarfi. Akwai wani kogi a kudu da mu, tafiyar rabin yini, da rani yakan tsinke ya bar gurabe. Na tarar da masunta suna jan koma. Na gaishe su, na ce kifi nake so mai rai, ƙanana.

Babbansu ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Samari, mai rai? Aure za ka yi masa?"

Suka bushe da dariya. Na haɗiye fushina, don ni ke nema. Na ba su damin dawa, suka cika mini tulu da ruwan kogi, suka zuba kawara a ciki, farare tas, suna walƙiya. Na sha ruwan kogin kafin in taso. Ruwan daɗi ne, marar nauyi, yana wucewa maƙogwaro ba ka ji ba. Na lura da haka, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Da na iso tunga duk aka taru. Baba ya yi bisimilla ya juye tulun gaba ɗaya cikin kududdufi. Kifayen suka watsu, yara suka yi shewa. Da la'asar na ga suna tasowa sama suna buɗe baki. Da gari ya waye duk sun juya ciki sama, iska ta tara su a gefe ɗaya. Baba ya tsince su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya.

Baba Ƙarami ya ce rana ce ta dafa su a hanya, wai na yi tafiyar hawainiya. Raina ya ɓaci, amma ba a mayar wa baba magana. Wata guda ya tafi a banza ke nan, don doka ta ce a farkon wata ake sakawa. Maza suka yi ta buga tubali suna jerawa a rana, ba halin azawa. A wata na biyu na tashi da asuba, na rufe bakin tulun da ganye, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, na yi sauri har ƙafata ta tsage. Kawara suka iso da ƙarfinsu. Kwana biyu suka yi.

Daga nan zaman tungar ya canza. Mata suka fara zuwa ɗiban ruwa suna kallonsa a kaikaice. Wadda ɗanta ya yi tari sai ta shafa wuyansa ta ji ko maƙoƙo ne ya fara. Wani maƙwabcinmu ya daina buga tubali, ya koma gyaran mangalar jakinsa a inda kowa zai gani. Baba yana ganin duk wannan. Abin da yake yi kawai shi ne ya zauna a bakin ruwan bayan kowace salla, ya zuba masa ido, kamar mai jiran ruwan ya faɗi laifinsa.

Tafiya ta uku ita ce ta ƙarshe, kowa ya sani. Na tafi da jaki, da salkar ruwan sha da matata ta cika mini daga kududdufinmu. Masuntan suna hango ni suka fara, "Ga angon kifi nan!" Suka ce kawara ta ƙare. Abin da ya rage a komarsu ƙananan karfasa ne, masu faɗi, masu duhun jiki, ba su da kyan gani ko kaɗan. Na duba, suna da ɓawo. Na ce a zuba.

Ban yi nisa ba jakin ya yi tuntuɓe, tulun ya bugi dutse ya tsage a gefe. Bai fashe ba, amma yana tsiyaya. Na zage jakin, na zage tulun, na zage masuntan da ba su ji ba. Na liƙe tsagar da laka, duk da haka ruwan yana raguwa. Ba ni da wani ruwa sai na salka. Duk inda na tsaya hutawa sai in tsiyaya kaɗan a tulun don kada kifin ya kai ƙasa. Haka na yi ta yi har gida, ni da ƙishirwa, su da ruwan shana. Ban gaya wa kowa ba, don kada Baba Ƙarami ya sami abin faɗa.

Aka juye su. Gari ya waye, ba su taso ba. Aka kwana biyu, aka kwana uku, aka yi Juma'a, aka sake wata Juma'ar. Suna nan da ransu. Sai dai ba su da kuzari. Sun taru a ƙasa, a gefen da inuwar gaɓa take, jikinsu ya ƙara duhu, in an watsa musu dusa ba sa kulawa. Amma suna motsi, kuma wata ya raba. Wanda ke gyaran mangala ya koma buga tubali. Baba Ƙarami da kansa ya je ya kafa turaku a inda yake so ya yi zaurensa. Baba ya fara cin tuwonsa yana sha da miya, maimakon ya tura kwanon gefe.

Saura kwanaki kaɗan wata ya tsaya, sai aka wayi gari ɗaya daga cikinsu ya taso, ciki sama. Guda ɗaya tak. Yanzu da na tsufa na san ko a garken tumaki ana rasa ɗaya ba tare da annoba ba. Amma ranar hankalin kowa ya tashi. Aka taru a bakin ruwa ana leƙen sauran, kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

Baffa ne ya tsuguna kusa da Baba. Ya ce, "Malam, in saniya ta ƙi kiwo, ta tsaya a inuwa, gashinta ya dushe, me muke yi mata?"

Baba ya ce, "Kanwa."

"To, dabba ai dabba ce, ko ta tudu ko ta ruwa."

Wallahi babu wanda ya ga aibin maganar. Ni ma ban gani ba. Mu mutanen kanwa ne. Mai jego kunun kanwa take sha. Doki in ya rame kanwa ake ba shi. Ciki in ya murɗa kanwa ake jiƙawa. Matata ma, wadda ba ta cika magana cikin maza ba, ta ce daga bayana, "Ai waken da ya gagari ruwan nan ma da kanwa muke shawo kansa." Mata suka ce ƙwarai kuwa. In kanwa tana karya taurin ruwan a tukunya, me zai hana ta karya shi a kududdufi?

Baffa ya tafi bukkarsa ya dawo da buhun fata a kafaɗa. Jar kanwa ce, mai kyau, wadda ya karɓa wajen fataken Barno a bakin ɗan bijimi, yana ajiye da ita don shanunsa in damina ta kama. Baba ya ce ya rage rabi. Baffa ya ce, "Shanu suna da wata shekarar. Tungar nan ba ta da wani watan." Ya zazzage ta duka.

Mata suka daka a turame, aka jiƙa a manyan ƙore, aka zagaye kududdufin ana zubawa ana salati. Nan take ruwan da yake garau ya koma fari kamar nono. Baba Ƙarami ya ce, "Kun gani? Ga cutar nan tana fita." Ba a jima ba kifayen suka baro ƙasa suka taso da gudu. Yara suka yi ihu, "Sun warke! Sun warke!" Baffa yana murmushi yana gyaɗa kai.

Ni ne na fara ganin ba gudun lafiya ba ne. Suna juyawa a wuri ɗaya, suna tsalle suna faɗowa a gefe, wasu suna hawa yashin gaɓa kamar suna neman fita daga ruwan. Na faɗa ciki da rigata, na riƙa kamo su da hannu. Jikinsu ya yi santsi, wani farin yauƙi yana saɓulewa a tafina. Na yi ihu a kawo tulu. Aka kawo. Sai na tsaya da kifi a hannu ina kallon tulun, don babu ruwan da zan zuba a ciki. Duk ruwan da ke tungar, na randa da na buta, an juye shi wajen jiƙa kanwa, kuma kogi yana tafiyar rabin yini. Ina tsaye a ruwa har ƙugu, kifin yana buɗe baki a hannuna, har ya daina. Ban taɓa jin rashin dabara irin na ranar ba, kuma ban ji kunyar kukan da na yi ba.

Kafin la'asar babu ko ɗaya mai rai.

Washegari yara suka fara zawo, har da ɗana. Manya ma cikinsu ya yi ta kuka. Sai da muka koma tona yashin wani busasshen rafi mai nisa kafin a sami na sha. Yau ko yaro ya san abin da buhun kanwa zai yi wa cikin wanda ya sha. Amma a lokacin wa zai zargi kanwa? Abin da aka ce shi ne, ruwan nan mugu ne, har kanwa ta kasa shi, ta dai tono abin da yake ɓoyewa. Bayan 'yan kwanaki idon ruwan ya wanke kansa, kududdufi ya koma garau, yara suka warke. Babu wanda ya ƙara yarda da shi.

Ranar da wata ya tsaya, bayan magariba, Baba Ƙarami ya zo ya durƙusa a gaban Baba. Ya ce, "Yaya, mun bi ka, ba mu yi nadama ba. Amma doka ba ni na kafa ta ba, kai ka koya mini ita. Surukaina na wajen Danja sun ce akwai fili. Ka tashi mu tafi tare."

Baba ya ce, "Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ban riƙe kowa ba."

"Kai fa, Yaya?"

"Ni na kawo ku nan. In akwai abin da ke cikin ruwan nan, ni ya kamata ya fara ci."

Gidajen duk suka tafi wajen Danja, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Baffa ne na ƙarshe, shi ma dole ce ta sa, don gida ɗaya ba ya iya tsare shanu daga kura da ɓarayi. Ya riƙe hannun Baba suka yi sallama, shanunsa kuma sai da aka yi ta dukansu kafin suka bar bakin ruwan. Ni na zauna. Ba jarumta ba ce, ba ni da fuskar da zan bar tsoho shi kaɗai a daji. Matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, kuma kullum da safe sai na ga tana shafa wuyan yaron.

Damina ta sauka a kanmu muna cikin bukka, don Baba ya ce kifi bai zauna ba, ba za a aza tubali ba ko da mu kaɗai ne. Muna kallo tulin tubalin da maza suka yi rani suna bugawa ya narke ya koma ƙasa. Gonar kuwa ta yi abin da Baba ya ce za ta yi. Dawa ta fi ƙarfinmu, auduga ta yi fari har ido ba ya iya kallo. Hannu huɗu ne da na mace, sai tsuntsaye da birai suka taya mu girbi. Wannan albarkar ta fi mini ciwo a kan a ce gonar ta ƙi.

Da rani ya dawo na ɗora auduga a jaki na nufi kasuwar Danja. A hanya na ratse wani gindin dutse inda na hango ruwa, don in shayar da jakin. Na kamfata na kai baki, sai na tsaya. Zartsi ne, irin namu sak, har da nauyin nan da yake bari a harshe. Na duba dutsen, ga farin zobe a inda ruwan ya ja baya, irin na bakin tukunyar matata. Sannan na duba cikin ruwan. Karfasa ne fal, manya da ƙanana, suna ta harkarsu.

Na zauna a kan dutsen, jakin yana ta sha. Babu wanda ya koya mini komai, abin ne ya jeru da kansa. Kawara 'yar ruwan daɗi ce, mun ɗauko ta mun jefa a ruwa mai nauyi rana ɗaya. Karfasan da suka daɗe, su ne waɗanda tulunsu ya tsage, na yi ta ƙara musu ruwanmu kaɗan-kaɗan a hanya har suka fara sabawa kafin su iso. Zaman da suka yi a inuwa ba ciwo ba ne, baƙunta ce. Da mun bar su, da sun ga wata. Garin neman gira muka rasa ido. Ruwanmu ba shi da laifin komai, kifin da ya dace da shi ne ba mu nema ba, alhali yana nan a gindin dutse, a hanyar da 'yan'uwanmu suka bi da kayansu a ka.

Na sayar da audugar yadda ta samu, na sayi sabon tulu, na dawo ta gindin dutsen. Da rigata na kamo su. Na jira farkon wata, Baba ya yi bisimilla ya juye. Tun ranar suka fara cin dusa. Na gaya wa Baba abin da na gane, har da zancen kanwa. Ya ce kada in taɓa faɗa wa Baffa.

Wata ya tsaya suna nan, ko ɗaya bai mutu ba. Baba ya kalli watan, ya kalli ruwan, ya ce, "Gobe ka je ka gaya musu kifi ya zauna."

Na so in ce masa ihu ne bayan hari. Ban iya ba. Na tafi.

Na tarar da su sun zama 'yan gari. Baba Ƙarami ya gina zaure da soro, ya aurar da 'yarsa a unguwar, matarsa ta rasu da kaka an binne ta a can. Ya karɓe ni da murna, aka kawo fura. Da na faɗi saƙon sai ya ce, "Madalla, madalla. Ashe ruwan ya yi sanyi." Ya tambayi lafiyar Yaya, ya tambayi yaron, ya tambayi yadda dawa ta yi. Na sake maimaita saƙon, ko bai ji ba. Ya dubi katangarsa, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mutum nawa ne yake tashi sau biyu?" Sauran gidajen ma haka. Kowa ya ce madalla, kowa ya ba ni saƙon gaisuwa.

Baffa na samu a bayan gari wajen shanunsa. Sun rame, don daminar ta wuce ba su sami kanwa ba. Da ya ji labari ya rungume ni, hawaye na zuba a gemunsa. Ya ce shi ba zai iya tasowa shi kaɗai ba, amma ya ji daɗi har ransa. Sannan ya tambaye ni, "Kun ba su kanwa kuwa?"

Na ce, "A'a, Baffa."

Ya ce, "Kai, yaran zamani." Ya shiga bukka ya fito da wani ɗan gutsure, bai kai rabin tafin hannu ba, da gani shi ke nan abin da yake da shi. Ya ƙulle mini a bakin riga. Ya ce, "Ka kai musu. Kada ku jira sai sun kwanta kamar wancan karon."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.

Kwana uku na yi a tafiyar. Da na doso tunga da hantsi, abin da na fara hangowa tubali ne, sabo, jere a rana. Tsohon nan shi kaɗai ya kwaɓa ƙasa ya yi ta bugawa tun ranar da na tafi. Ya sake kafa turakun zauren Baba Ƙarami a inda suke, ya share wurin da shanun Baffa suke kwana. Yana tsaye a bakin kududdufi, laka har gwiwa, ya sa hannu ya kare rana yana kallon hanya. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya daɗe yana duban bayana. Babu kowa a bayana.

Bai tambaye ni ba. Ya ce, "Zo ka gani."

Ya kai ni gefen da ruwan ba shi da zurfi. A kan yashin ƙasa akwai wasu ramuka zagayayyu kamar faifai, an share su tas, kusa da juna. A kan kowanne akwai karfasa guda tana tsaye tana gadi, in wata ta matso sai ta kore ta. A gefen ɗaya na ga wani baƙin gajimare na 'ya'ya, ƙanana kamar ƙwayar gero.

Baba ya ce, "Tun shekaranjiya suke share fili. Kowa ya zaɓi nasa." Ya nuna su da yatsa. "Su kam sun yarda."

Na miƙa wa matata kanwar Baffa, ta jefa a wake. Da la'asar Baba ya ce in zo mu aza harsashi, tunda doka ta cika. Tubalin da ya buga ya isa a fara gidaje da yawa. Ɗaki ɗaya muka gina, kuma a cikinsa ya rasu bayan damina biyu.